Tace samfuran cpu-clock a Linux: me ake zubarwa, me kuma ke ci gaba da gudana?

Wani mai kula da sabobi ya aiko da tambaya a kan auna aikin manhajarsa, wadda ke gudana a wata kwamfutar kwaikwayo mai CPU takwas da yake haya. Ya ce idan ya kunna `perf record -a`, umarnin perf (kayan auna aikin manhaja a Linux) mai ɗaukar awo a dukkan CPU, kayan aikin ba ya samun maƙirgan furosesa, sai ya koma amfani da cpu-clock, agogon da ke katse CPU lokaci-lokaci ya rubuta abin da ya tarar ana yi (kowane irin wannan rubutu shi ne samfuri), rahoton kuma ya cika da swapper, wato aikin zaman jira na CPU, da wasu fankshin na kanel, zuciyar tsarin Linux, waɗanda ba su ne damuwarsa ba. Ya liƙa `:u` a bayan sunan cpu-clock domin ya ware ɓangaren kanel, samfuran suka ragu, amma `perf stat` ya ci gaba da nuna masa lokaci iri ɗaya, layin LOC a `/proc/interrupts`, mai ƙirga katsewar agogo, ma bai rage gudun hawansa ba. Da ya gwada `--filter` kuma, sai perf ya ƙi karɓa. Abin da yake so ya sani shi ne ko tacewar tana aiki kuwa, sa'annan wace hanya ce ta fi dacewa a tace irin waɗannan samfura.

Malam, tacewar tana aiki, kuma duk abin da ka gani daidai yake da yadda aka rubuta kanel ɗin. Inda aka sami saɓani shi ne ka ɗauko tunanin da ya dace da maƙirgan furosesa ka ɗora shi a kan agogo, alhali ba a wuri ɗaya ake tace su ba. A maƙirgin furosesa, tacewa tana hana ƙirgen ne tun daga tushe. A agogo kuwa, sai ya buga, an katse abin da CPU ke yi, an shiga kanel, sa'annan ake duba ko za a rubuta samfurin ko a yar da shi.

Tsarin perf_events ya shiga Linux a siga ta 2.6.31 cikin shekarar 2009, aikin Ingo Molnar da Thomas Gleixner da Peter Zijlstra, kuma tun farko an gina shi ne a kan maƙirgan da ke cikin furosesa, waɗanda ake kira PMU. Idan ka nemi `cycles:u` a furosesar Intel, kanel yana rubuta zaɓin naka a rajistar da ke sarrafa maƙirgin, inda akwai tuta ɗaya ta ɓangaren mai amfani da wata ta ɓangaren kanel. Da zarar CPU ya tsallaka cikin kanel, maƙirgin yakan tsaya da kansa ba tare da wata manhaja ta sa hannu ba, ya ci gaba idan an dawo. Saboda haka jimillar ƙirgen tana raguwa, katsewa ma tana raguwa, tunda maƙirgin da ke tsaye ba zai cika ba ballantana ya yi kira. Masu ba da hayar kwamfutar kwaikwayo da yawa ba sa buɗe wa baƙo, wato ita kwamfutar kwaikwayon, PMU, musamman a ƙananan injuna, shi ya sa perf ke komawa cpu-clock, wanda babu wata rajistar ƙirge a bayansa. Abin da ke bayansa shi ne hrtimer, agogon kanel mai lissafi da nanosakan, wanda ya shiga Linux a 2006. Ɗan'uwansa task-clock ma da wannan agogon yake ɗaukar samfuri, don haka duk abin da zan faɗa a kan ɗaya ya shafi ɗayan.

Ya kamata ka buɗe fayil ɗin `kernel/events/core.c` ka karanta fankshin mai suna `perf_swevent_hrtimer`, domin gajere ne, kuma amsar tambayarka tana cikinsa a jere. Idan agogon ya buga, abu na farko da ake yi shi ne sabunta jimillar lokaci, wato a duba nanosakan nawa suka wuce tun dubawar baya a tara su. Bayan haka ne ake ɗauko rajistocin da katsewar ta tarar, a duba ko a ɓangaren mai amfani aka iske CPU ko a kanel, da kuma wanne daga cikinsu aka ce a ware. Idan samfurin ya tsallake wannan, sai a duba ko an nemi a ware zaman jira, da kuma ko aikin da ke kan CPU a lokacin shi ne aikin zaman jiran. Wanda ya wuce waɗannan matakai biyu kaɗai ake miƙa wa `__perf_event_overflow`, inda ake rubuta shi a ma'ajiyar zobe da perf ke karantawa. Daga nan, ko an rubuta ko ba a rubuta ba, ana sake saita agogon zuwa bugu na gaba.

Wannan jerin ya warware abubuwa biyu daga cikin uku da ka lura da su. Jimillar lokacin ba ta ragu ba domin ana tara ta kafin a zo kan tacewa, kuma wurin da ake tara ta bai ma san da `:u` ba, iyakacinsa ya karanta agogo ya cire lokacin baya daga na yanzu. Layin LOC bai ragu ba domin agogon yana bugawa a kan kari komai hukuncin da aka yanke wa samfurin. Misalinsa kamar malamin da aka ce duk lokacin da aka kaɗa ƙararrawa ya je ya leƙa aji ya rubuta abin da ya tarar. Idan aka ce masa in ya iske ajin babu kowa kada ya rubuta, littafinsa ne kawai zai yi sauƙin cika, amma ƙararrawar ba ta daina kaɗawa ba, shi ma bai daina tashi daga kujerarsa ba. Idan ba ka faɗi mita ba, `perf record` yana ɗaukar 4000 a sakan, kanel kuma ya raba nanosakan 1,000,000,000 da wannan adadi sau ɗaya tak, ya sami zango mai nanosakan 250,000 wanda ba ya sauyawa. A injinka mai CPU takwas, katsewa 32,000 ke nan a kowane sakan, da `:u` ko babu shi. A kwamfutar kwaikwayo kuwa kowace katsewa ta fi tsada, domin sake saita agogo da tayar da CPU mai barci sau da yawa sai sun bi ta hannun manhajar mai masauki, wato wadda ke gudanar da kwamfutocin kwaikwayo a kan injin zahiri. Idan abin da kake nema shi ne yadda lokaci ya rabu tsakanin manhajarka da kanel, kada ka neme shi a jimillar cpu-clock; `mpstat` ko `/proc/stat` za su ba ka.

Swapper ɗin da ya cika maka rahoto shi ne aikin zaman jira, mai lambar pid 0, wanda kowane CPU ke komawa kansa idan babu abin yi. Maƙirgin cycles ba ya damuwa da shi sosai domin furosesar da ta kwanta ba ta ƙirga zagaye, amma agogo bai san barci ba, sai ya tayar da CPU ya rubuta cewa ya same shi yana zaman jira. Akwai harafin `:I` da ke sa tutar `exclude_idle`, kuma yana share waɗannan samfura tsaf. Sai dai a nan ne nake so ka yi taka-tsantsan fiye da ko'ina, domin tambayar da kanel ke yi ita ce wane aiki ne ke riƙe da CPU, ba wai me CPU ɗin ke yi ba. Idan katin sadarwa ya kawo ƙunshin bayanai a lokacin da CPU ke zaman jira, katsewar katin takan tayar da shi, a kan hanyar fita daga katsewar kuma kanel ya gudanar da softirq, wato ragowar aikin katsewa da aka jinkirta, inda `net_rx_action` ke sarrafa ƙunshin, ya bi da shi ta matakan TCP har ya tayar da manhajar da ke jiransa. Duk wannan yana faruwa ne da sunan swapper, domin ba a riga an sauya aiki ba. Shi softirq ana gudanar da shi da ƙofar katsewa a buɗe, saboda haka agogonka yana iya faɗowa a tsakiyarsa, kuma idan `:I` yana nan sai a yar da samfurin a matsayin zaman jira, alhali aiki ne na gaske, watakila ma shi ne aikin da ke cin lokacin sabarka. Manhajar `profile` ta tarin kayan awo na BCC, wadda Brendan Gregg ya rubuta, ita ma tana yar da samfuran pid 0 sai idan ka ba ta `-I`. Ga saba mai yawan hulɗa da hanyar sadarwa, na fi so a bar swapper a cikin rikodi, a haɗa da `-g` mai ajiye silsilar kiran fankshin, daga baya a buɗe silsilar kiransa a ga nawa ne barci na gaske, nawa ne kuma sarrafa ƙunshin bayanai.

Shi ma `:u` yana da tasa asarar. Idan manhajarka ta kira `write` ko `futex` ta shiga kanel, samfurin da ya faɗo a lokacin ba a mayar da shi kan fankshin ɗinka da ya yi kiran, yar da shi ake yi ɗungurungum. Fankshin da ke ɓata rabin lokacinsa wajen kiran kanel zai fito a rahoto kamar mara nauyi, wanda ke lissafi zalla kuma ya kumbura fiye da girmansa. Idan abin da ya dame ka shi ne sunayen kanel da ke cika maka allo, ba wai lokacin da aka yi a can ba, to `--user-callchains` ya fi kusa da bukatarka: yana barin samfurin, ya datse ɓangaren kanel daga silsilar kira, ta yadda za ka ga wane fankshin naka ne ya jawo shigar. Ka kuma sani cewa wani lokaci perf da kansa yake liƙa `:u` ba tare da ka nema ba. Tun daga siga ta 4.6, `perf_event_paranoid` yana zuwa a kan 2, wanda ke hana mai amfani marar izini auna kanel, sai perf ya ware kanel ɗin ya ci gaba. Ka duba sunan da ke saman rahoton, idan ka ga `cpu-clock:u` alhali ba kai ka rubuta ba, dalilin ke nan. Izinin CAP_PERFMON da aka ƙara a siga ta 5.8 cikin 2020 yana warware wannan ba tare da ka ba mutum cikakken ikon root ba.

Akwai kuma wata tacewa da ba ka nema ba, ba kuma za ka iya kashe ta ba. Katsewar agogo irin wadda ake iya rufe wa ƙofa ce. Duk lokacin da kanel ya rufe ƙofar katsewa, misali yana riƙe da makullin `spin_lock_irqsave`, ko yana tsakiyar sauya aiki, ko yana sarrafa wata katsewar, bugun agogon yakan jira a waje, ya shigo a daidai umarnin da aka buɗe ƙofar. Shi ya sa rahotannin cpu-clock ke yawan ɗora nauyi a kan `_raw_spin_unlock_irqrestore` da `finish_task_switch`. Su ne masu buɗe ƙofar, nauyin kuwa na abin da aka yi a bayan ƙofar ne. A x86 maƙirgan PMU suna kira ta NMI, katsewar da ba a rufe mata ƙofa, saboda haka suna ganin cikin waɗannan wurare. Abin bai tsaya a kan ɗora laifi inda bai dace ba. Wajen sake saita agogon ana amfani da `hrtimer_forward_now`, wanda ke tura bugu na gaba zuwa bayan lokacin yanzu, ba ya biyan bashin bugun da aka tsallake. Idan an rufe ƙofa na milisakan ɗaya a mita 4000, kusan bugu huɗu ne suka wuce, amma samfuri ɗaya za a rubuta, mai nauyin nanosakan 250,000 kamar kowane, sauran lokacin kuma ya ɓace daga rahoto. Haka abin yake idan mai masauki ya ɗauke CPU ɗinka ya ba wani baƙo na ɗan lokaci.

Wannan yana taɓa `:u` kai tsaye. Matakan ƙarshe na fita daga kanel zuwa manhaja ana yin su ne da ƙofa a rufe, har da sauya teburin shafuka da matakin tsaro na KPTI ya ƙaro a farkon 2018 saboda matsalar Meltdown. Bugun da ya zo a wannan taƙi yakan sauka a umarnin farko na ɓangaren mai amfani, gwajin rajistoci ya ga cewa a ɓangaren mai amfani aka tarar da CPU, ya bar shi ya wuce. Idan ka ga ƙananan fankshin na glibc, laburaren C na Linux, da ba su da aikin da ya wuce miƙa kira ga kanel suna ɗauke da kaso mai kauri, to wani ɓangare na wannan kason lokacin kanel ne da ya tsallako iyaka. Maƙirgan furosesa suna da kishiyar wannan matsala, inda samfurin `cycles:u` ke zamewa ya sauka cikin kanel. A 2017 an taɓa shigar da gyara da ke yar da irin waɗannan samfura, sai ya karya manhajar bin diddigin kuskure ta rr, wadda ta dogara da siginar da ke biyo bayan cikar maƙirgi, aka janye gyaran. 

Batun `--filter` kuwa, dalilin ƙin karɓarsa na tarihi ne. Kiran `PERF_EVENT_IOC_SET_FILTER` na kanel ya san abubuwa biyu kawai: sharuɗɗan da ake ɗora wa filayen tracepoint, wato wuraren sa ido da aka dasa a cikin kanel, da iyakokin adireshi na masu bin sawun umarni irin Intel PT da CoreSight. Shi cpu-clock ba ya cikin ko ɗaya, don haka tsofaffin sigogin perf ba su da inda za su kai sharaɗin naka. Hanyar ta buɗe a siga ta 4.9, ƙarshen 2016, lokacin da Alexei Starovoitov ya shigar da nau'in shirin BPF, wato ƙaramin shirin da mai amfani ke lodawa ya gudana a cikin kanel, da ake liƙa wa samfuri. Shirin yana gudana a cikin katsewar kanta, yana ganin rajistoci da lambar aiki da cgroup (rukunin ayyuka), kuma idan ya mayar da sifili ba a rubuta samfurin. A kan wannan aka gina `profile` na BCC da `profile:hz:99` na bpftrace, waɗanda ke tara silsilolin kira a cikin kanel su miƙo jimilla kawai. Sai a siga ta 6.4 cikin 2023 Namhyung Kim ya sa `perf record --filter` ya riƙa juya sharaɗi zuwa shirin BPF da kansa ga kowane irin samfuri. Idan perf ɗinka ya kai wannan siga, an kuma gina shi da BPF, kana da izini, za ka iya rubuta sharaɗi a kan `ip` da `pid` da `tid` da `cpu` da makamantansu, waƙafi yana nufin dukkansu su cika, `||` kuma ɗaya ya isa. Wanda ya fi amfani a nan shi ne `ip`, adireshin umarnin da aka tarar CPU a kansa, domin yana ba ka damar cewa samfurin da ya faɗo tsakanin adireshi kaza da kaza kaɗai kake so, abin da tutocin warewa ba za su iya ba. Sharaɗi a kan `period` kuwa, wanda ake yawan gani a misalai, ba shi da wani amfani ga agogo, tunda zangon kowane samfuri ɗaya ne.

Amma BPF bai sauya ainihin lamarin ba, hasali ma shi ne mataci mafi nisa daga tushe a cikin kanel. Kafin a kira shirin, an riga an katse CPU, an sabunta jimilla, an wuce gwajin warewa, an kuma ƙirga katsewar a lissafin taka birki. Shi wannan lissafi ya danganta da `perf_event_max_sample_rate`, wanda ke farawa daga 100,000. Idan samfura suka yi yawa a cikin bugun jadawali ɗaya, kanel yakan dakatar da awon na ɗan lokaci ya rubuta alamar THROTTLE a rikodi. Samfurin da `:u` ko `:I` suka yar ba ya shiga wannan lissafi domin bai kai wurin ba, amma wanda BPF ya yar ya riga ya shiga. Ke nan ba za ka iya ɗaga mita sama ƙwarai da hujjar cewa sharaɗinka zai zubar da kashi 99 cikin ɗari ba. Akwai ma wata iyaka a cikin fankshin ɗin agogon kansa, domin ba ya yarda zango ya gaza nanosakan 10,000.

Tacewar da ke rage katsewa da gaske ita ce wadda ba a ma kiranta tacewa, wato zaɓen wanda za a ɗaura wa awon. Idan ka rubuta `--filter 'cpu == 1'` tare da `-a`, an saita agogo takwas, ana yar da amfanin bakwai. Idan ka rubuta `-C 1`, agogo ɗaya ne aka saita. Idan ka ce `-p` da lambar manhajarka, awon yana hawa CPU tare da ita ya sauka tare da ita: a lokacin sauya aiki kanel yana soke agogon, ya ajiye ragowar zangon a `period_left`, ya ɗora daga nan idan manhajar ta dawo. CPU mai zaman jira ba a tayar da shi, swapper kuma ba ya bayyana ko kaɗan. Haka `-G` ke yi da cgroup, wanda Stephane Eranian ya ƙara a siga ta 2.6.39 cikin 2011, kuma shi ne ya fi dacewa da kwantena ko hidimar da systemd ke gudanarwa, inda ayyuka ke haihuwa suna mutuwa a ƙarƙashin rukuni ɗaya. Kuɗin da ake biya shi ne soke agogo da sake saita shi a kowane sauyin aiki, wanda ga manhajar da ke barci tana farkawa dubban lokuta a sakan yana iya zarce tsadar barin agogon ya yi ta bugawa. Sa'annan hoton da yake bayarwa na gefe ɗaya ne: softirq da ya sauka a kan manhajarka za a lissafa mata shi ko da ƙunshin na wani ne, wanda aka yi dominta a kan swapper kuma ba za ka gan shi ba. Wani abin lura shi ne ayyuka masu gajeren rai. Kowane sabon ɗa da manhaja ta haifa yana farawa da cikakken zango, saboda haka a mita 99, inda zangon ya ɗan haura milisakan 10, aikin da ya rayu milisakan 3 ya mutu yana iya tafiya ba a taɓa ɗaukar samfurinsa ba, ko da irinsa dubu ne suka wuce. Agogon `-a` ba shi da wannan matsala, domin bai damu da haihuwa ko mutuwar kowa ba.

Da ni ne a kan injinka, da ba zan tace komai a lokacin ɗauka ba. Zan rage mita in ɗauki komai, misali `perf record -a -g -e cpu-clock -F 999 -- sleep 10`, sa'annan in tace a `perf report` da `--comms` ko `--pid` ko `--dsos` ko `--cpu` ko `--time`. Dalilin zaɓen 999 ko 99 maimakon 1000 ko 100 shi ne kada agogon awo ya daidaita taku da bugun jadawalin kanel, wanda yawanci 100 ne ko 250 ko 300 ko 1000 a sakan, ko da wani aiki na manhajarka mai maimaituwa a kan kari, har ya riƙa tarar da abu ɗaya kullum. Amfanin jinkirta tacewa shi ne jimillar tana hannunka. Fankshin da aka ce ya ci kashi 30 cikin ɗari a rikodin da aka tace, kashi 30 ne na abin da ya rage, kuma ba ka da hanyar sanin ko ragowar ita ce rabin lokacin injin ko kashi biyu cikin ɗari. A `perf report` kuwa, `--percentage absolute` yana riƙe da kason na asali, `--percentage relative` kuma ya nuna na cikin abin da ka zaɓa, ka dubi duka biyun daga fayil ɗaya. Ka kuma riƙa haɗawa da `-n` domin ka ga adadin samfuran kansu, saboda tacewa mai tsanani takan bar su kaɗan ƙwarai. Kuskuren da ake sa rai a kan samfura 100 ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma na adadin, a kan 10,000 kuma kusan ɗaya cikin ɗari. Fankshin biyu masu samfura 48 da 55 ba a isa a ce ɗaya ya fi ɗaya nauyi ba. Maganinsa a tsawaita lokacin ɗauka.

Inda tacewa a cikin kanel take biyan kuɗinta shi ne idan kowane samfuri yana da nauyi. Da `--call-graph dwarf`, kanel yana kwafe bayit 8192 na tarin kiran manhaja a kowane samfuri, wanda a mita 4000 ya haura megabayit 32 a sakan ga CPU ɗaya. Ma'ajiyar zobe takan cika kafin perf ya kwashe, samfura su zube, kuma zubewar ba ta adalci ba ce, domin takan faru ne daidai lokacin da injin ya fi cunkoso, wato lokacin da ka fi bukatar gani. A irin wannan hali `-p` ko `-G` ko sharaɗin BPF suna ceton rikodin, tunda katsewa ita kaɗai ba ta kai kwafewa da rubutawa a faifai tsada ba. Haka nan idan awon zai yi kwanaki yana gudana a sabar da ke aiki, tarawa a cikin kanel irin ta BCC ta fi ajiye kowane samfuri.

Kafin ka yarda da kowane rahoto na cpu-clock a wannan injin, ka yi gwaji ɗaya ba tare da wata tacewa ba. Mita 999 na sakan 10 a CPU takwas ya kamata ta ba ka samfura kusan 79,920. Ka duba adadin da `perf record` ya faɗa a ƙarshe, ka kuma kunna `perf report --stats` ka ga ko akwai LOST, alamar samfuran da suka zube, ko THROTTLE. Idan adadin ya yi kusa da wancan, agogon yana samun shiga, kuma kason da za ka karanta yana da tushe. Idan ya gaza sosai alhali babu LOST babu THROTTLE, to ko dai ana rufe ƙofar katsewa na dogon lokaci, ko mai masauki yana ɗauke maka CPU, wanda ginshiƙin `st` a `vmstat` ko `%steal` a `mpstat` zai nuna. Idan kuwa bincikenka ya kai ka ga makullai da sauyin aiki a cikin kanel, wuraren da agogo ba ya gani, babu sharaɗin da zai gyara wannan, sai ka nemi mai ba ka haya ya ba ka nau'in injin da ke buɗe PMU, ko ka maimaita awon a kwamfuta ta zahiri da `cycles`.